Na'ura Mai Kukan Ƙas-Ƙas Da Gonar Gadonmu

Na san da yawanku labarin soyayya kuka saba gani daga alƙalamina, to yau sai ku yi mini afuwa, babu Alhaji babu rikicin kishiya. Labarin gonarmu ta gado zan ba ku, da yadda wata 'yar na'ura mai kukan ƙas-ƙas ta kusa raba mu da ita da ranin shekarar 2017, da kuma yadda wata na'urar daban, wadda aka killace a cikin gidan dalma a Zariya, ta maido mana da hankalinmu. Ni dai karatuna bai wuce sakandare ba, ko a can ɗin ma ni da lissafi da kimiyya sai gaisuwa daga nesa, saboda haka yadda na fahimci abin haka zan faɗa muku shi.

Gonar tana kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, in an wuce Bakori a ɗan ratse. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, auduga ya yi ta nomawa a cikinta tun zamanin da auduga ke da daraja. Bayan rasuwarsa sai Yaya, babban wanmu, ya koma masara da waken soya kamar kowa. Ba a raba ta ba, shi ke nomawa, da kaka ya aiko wa kowa da rabonsa, mu biyar da Inna ta shida. A gefenta na gabas akwai wani falalen dutse, irin duwatsun nan da suka cika ƙasar Funtuwa, wanda muke shanya barkono a kai muna yara, a gindinsa kuma akwai rijiyar da 'yan aiki ke sha.

Wata rana sai ga wani mutum, ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba, ya zo a mota da yaransa biyu, wai masu binciken ma'adinai ne. Ya fito da wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa, girmanta bai wuce ƙaramar rediyo ba, ya kunna a gaban Yaya. Sai ta fara ƙas... ƙas... ƙas. Da ya matsa da ita jikin dutsen sai kukan ya ɗan ƙara sauri. Mutumin ya girgiza kai, ya ce akwai guba a ƙasar nan, irin wadda ta kashe yara a Zamfara, in hukuma ta ji za ta ƙwace wurin ba ko kwabo. Amma shi don tausayi zai saya, ya faɗi wani kuɗi da ko rabin darajar gonar bai kai ba.

Duk wanda ke yankinmu ya san abin da ambaton Zamfara ke yi wa zuciya. A 2010 ne aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. To ga shi amaryar Yaya ta yi ɓari har sau biyu a jere, ga Inna kullum da ciwon gwiwa. Nan take Yaya ya haɗa wannan da wancan, ya hana a ci masarar da ke rumbu, ya sa aka rufe rijiyar da ƙaya. Da dare ya kira ni a waya, murya na rawa, ya ce, "Ke ce mai baki a cikin matan nan, ki lallashe su su yarda mu rabu da ita tun ba ta ƙarar da mu ba."

Wallahi daren nan ban runtsa ba. Ni ma tsoron ya kama ni, don 'ya'yana tuwon masarar nan suka tashi da shi. Da gari ya waye sai na tuna da babban ɗan Yaya, wanda a lokacin yake digiri na biyu a fannin kimiyyar fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello. Ashe shi tuni ya yi wa ubansa magana, uban ya ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Da na kira shi sai ya ce, "Gwaggo, don Allah ki ja mini lokaci, kar kowa ya sa hannu a takarda. Zan zo ranar Asabar."

Ya zo kuwa, da irin na'urar nan da ya aro. A tsakar gidan Inna ya kunna ta, ta fara ƙas-ƙas. Ya shiga da ita ɗakin Inna, ƙas-ƙas. Ya kai ta zaure, haka. Ya ɗora ta a kan buhun takin yuriya, kukan bai canza ba, ya maida ta kan buhun kamfa, sai ga shi ta ƙara sauri kamar yadda ta yi a jikin dutse. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "To mu ina za mu gudu ke nan?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba inda za ki je, Inna. Tun da aka yi duniya haka take." Sannan ya zaunar da mu ya yi bayani. Wai a cikin ƙasa da duwatsu akwai wasu sinadarai, yuraniyom da toriyom da wani nau'in fotashiyom, waɗanda ƙwayoyinsu ke fashewa kaɗan-kaɗan suna fitar da wani haske da ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sunansa gamma. Yana cikin yashi da siminti da bango, yana cikin takin kamfa saboda fotashiyom ɗin da ke ciki, wani kuma daga sararin sama yake sauko mana dare da rana. Ya ce ko jikin babban mutum, ƙwayoyin fotashiyom wajen 4,000 ne ke fashewa a cikinsa kowane sakan. Ita kuwa 'yar na'urar, ƙirge kawai ta iya. Duk abin da ya taɓa ta sai ta yi ƙas, ba ta san na wane ne ba, ba ta san daga ina ya fito ba. Ya ƙara da cewa gubar dalma irin ta Zamfara ma sam ba da ita ake gano ta ba, wannan wani gwaji ne daban, na jini da na ƙasa.

Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na ji. Amma ai ta fi kuka a dutsenmu." Gaskiyarsa kuwa. Ɗan ya ce to sai a kai ƙasar inda za a saurare ta ita kaɗai.

Washegari muka je gonar. Ya ɗebi ƙasa wuri uku, tsakiyar gona da gindin dutse da bakin rijiya. Aka shanya ta ta bushe ƙarau, ni da kaina na daka a turmi na tankaɗe da rariya kamar garin tuwo. Ya auna, ya zuba a wasu gwangwanayen roba, ya shafe bakin murfin da basilin, ya ɗiga kakin kyandir, ya naɗe da salatif. Sai ya ce a ajiye wata guda cur. Na ce wane irin jinkiri ne wannan, ga mai saye yana ta bugo waya? Ya ce akwai wata iska mai suna radon da ke fitowa daga zuriyar yuraniyom, ita ke sulalewa ta gudu in an tona ƙasa, alhali 'ya'yanta ne masu muryar da na'ura ke ji sosai. In an toshe aka bar ta kamar kwana 30, sai gidan ya sake cika, lissafi ya fita daidai. Watan nan dai na ga ta kaina, kullum ina ƙirƙiro wa Yaya dalilin da ya sa ba zan samu zuwa sa hannu ba. Sana'ar ƙaga labari ta yi mini rana.

Da wata ya cika na ce ƙafata ƙafarsa, gani ya kori ji. Muka shiga mota daga Funtuwa sai Samaru, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta jami'ar. A nan ne ƙaramin tukunyar nukiliya ta bincike ta Nijeriya take, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004. Mu dai ba wurinta muka je ba, ɗakin awon gamma muka nufa. Na zaci zan ga wani abu mai walƙiya irin na fim. Abin da na gani wani ƙaton tulu ne na ƙarfe mai murfi, da waya ta fito daga gindinsa zuwa kwamfuta.

Ya ce, "Gwaggo, kin taɓa ƙoƙarin jin raɗa a tsakiyar kasuwar Funtuwa?" Na ce wa zai ji? Ya ce to ƙasar da ke cikin gwangwanin nan raɗa take yi, bangon ɗakin nan da daɓen da rufin da iskar da mu kanmu kuwa kasuwa ne. Duk hikimar ƙera na'urar a nan ta tattara, wato yadda za a rage hayaniyar gefe har a ji raɗar.

Dabara ta farko ita ce bango. Tulun nan dalma ce zalla, kaurinta santimita shida, domin dalma na da nauyi, tana tare mafi yawan hasken da ke zuwa daga waje. Na yi shiru ina mamaki, abin da ya kashe yara a Zamfara shi ne mai gadi a nan. Amma wai ita ma dalmar ba ta iya riƙe bakinta, in gamma ya doke ta sai ta saki wani ƙaramin haske nata. Saboda haka aka yi mata shafe daga ciki da wani ƙarfe mai suna kadmiyom ya shanye nata, shi ma da yake yana ɗan tari, aka sake bin sa da fallen jan ƙarfe. Kamar dai zani uku, kowanne na rufa wa na bayansa asiri. Na ce me zai hana a yi bangon ya kai kamu biyu a huta? Ya ce a'a, in ya wuce kamar santimita 10 zuwa 15 riba ta ƙare, don masu saukowa daga sama suna ratsa dalma, in sun tarar da ita da yawa sai su tayar da wata sabuwar ƙura a cikinta. Shi ya sa masu neman shiru na gaske suke shiga ƙarƙashin ƙasa, kamar ɗakin bincike na Gran Sasso a Italiya, wanda dutse mai kaurin mita 1,400 ke bisa kansa.

A nan ya ba ni labarin da har yau nake ba mutane. Sabuwar dalma, wadda ba a daɗe da narkar da ita daga dutse ba, tana ɗauke da wani ɗan nau'i nata mai fashewa, wanda sai an shekara 22 rabinsa ke mutuwa, a sake 22 rabin saura ya mutu. To a 1988 aka gano wani jirgin ruwan Rumawa da ya nutse kusa da tsibirin Sardiniya sama da shekara 2,000 da suka wuce, maƙare da dunƙulen dalma. Wannan dalmar ta gama surutunta tuntuni a ƙarƙashin teku. A 2010 aka ɗauki dunƙule 120 daga ciki aka kai Gran Sasso don a yi wa na'ura bango. Na ce ikon Allah, ashe ko a ƙarfe tsoho ya fi yaro iya kama baki.

Dabara ta biyu ita ce kunnen kansa. Ya ɗaga murfin ya nuna mini inda yake, wani dunƙule ne mai garai-garai dangin gishiri, sodiyom ayodayid, inci uku tsawo inci uku faɗi, a rufe cikin gwangwanin ƙarfe. In gamma ya shige shi sai ya yi ɗan ƙyalli, gwargwadon ƙarfin hasken gwargwadon ƙyallin, wani bututu ya maida ƙyallin lantarki, kwamfuta ta rubuta. A nan ya bambanta da mai ƙas-ƙas, domin kowane sinadari da lambar ƙarfinsa, kamar yadda kowace tasha ke da mitarta a rediyo. Fotashiyom yana kan 1460, jikan yuraniyom da suke saurare yana kan 1764, na toriyom yana kan 2614. Duk wanda ya yi magana, lambarsa za ta tona shi.

Sai dai kunne ya fi kunne. Wanda ya yi zamani da rediyon gajeren zango ya san yadda tasha biyu ke hawa kan juna, kana jin labaru wani kiɗa na kutsowa. Haka na gishirin yake, muryar da ke kan 662 sai ta baje ta cinye wajen lamba 45 zuwa 50. Akwai wani kunnen na tataccen ƙarfen jamaniyom, wanda cibiyar ke da shi ita ma, shi faɗin muryar a wurinsa bai kai lamba biyu ba. Amfanin haka, in ƙofar da kake saurare ta cikinta 'yar siririya ce, hayaniyar da za ta biyo ta nan kaɗan ce, sai raɗa ta fito fili. Amma fa shi ɗan gata ne, ga tsada, kuma ba ya aiki sai an sanyaya shi da ruwan iskar naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, don ɗumin ɗaki kaɗai ya isa ya sa shi yin gunaguni a cikin kansa. Na gishirin ya fi arha da juriya, ya kuma fi kama haske da yawa, ga ƙasar gona irin tamu da muryoyi uku kawai ake nema masu nisa da juna, ya wadatar.

Dabara ta uku ta fi burge ni a matsayina na marubuciya, don maganin mai rabin zance ce. Wani lokaci gamma yakan shiga kunnen ya ajiye rabin ƙarfinsa ya fice da saura, sai kwamfuta ta rubuta shi a lambar da ba tasa ba, irin waɗannan su taru su binne ƙananan muryoyi. Wani Ba'amurke, Arthur Compton, shi ya bayyana wannan hali na haske a 1923. Maganin da aka samo a wasu na'urorin shi ne a kewaye kunnen da wani kunne na biyu kamar zobe. In na ciki da na waje suka ji abu a lokaci guda, an san wannan mai ficewa ne, sai a soke shaidarsa. Har mazubin samfur ma an yi masa dabara, akwai mai rami a gindi da ake kifa wa kunnen kamar hula, don ƙasar ta kewaye shi ta ko'ina muryarta ta rinjayi ta waje.

Na ce to duk da haka ai wata hayaniyar za ta saura. Ya ce ƙwarai, shi ya sa ake fara sauraren tulun da gwangwani wayam, a rubuta abin da aka ji, daga baya a ɗebe shi, kamar yadda mai awo ke cire nauyin buhu. Na ce ashe da sauƙi, me ya kawo wahalar dalma tunda za a ɗebe? Ya ce, "Gwaggo, in kina son sanin nauyin zobenki, sai ki auna tirelar masara, ki jefa zoben a ciki ki sake aunawa, ki ɗebe?" Na ce ai rawar sikelin kaɗai ta fi zoben. Ya ce to haka hayaniyar take, ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana hawa tana sauka, in ta yi yawa rawarta kaɗai ta isa ta haɗiye abin da ake nema. Kuma in kana son ka rage kuskuren da rabi ta hanyar haƙuri kawai, sai ka ninka lokacin saurare sau huɗu. Gara a rage tirelar ta koma faranti tun wurin ƙira.

Aka sa gwangwanin farko, aka maida murfi. Kowane ɗaya sai da ya yi awa takwas da 'yan mintoci a ciki. Ni dai na kwana wurin wata ƙawata a Samaru na koma gida, bayan 'yan kwanaki ya biyo ni da takarda. A jikinta akwai zane kamar tudu uku a fili, kowanne a kan lambar da ya faɗa mini. Babu baƙuwar murya ko ɗaya. Ya ce a lissafin kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, matsakaiciyar ƙasa a duniya tana da fashewar fotashiyom wajen 400 a sakan cikin kowane kilo, ta yuraniyom wajen 35, ta toriyom kuma wajen 30, tamu ta tsakiyar gona ba ta yi nisa da haka ba. Ta gindin dutse ta ɗan ɗara, kamar yadda aka saba gani a duk inda irin wannan dutse yake, kuma ba ta kai abin da zai hana noma ko cin amfani ba.

Muka kai wa Yaya. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya daɗe yana kallon tudun nan uku, sannan ya dubi ɗansa ya ce, "Kai ka tabbata?" Ya ce, "Na tabbata da abin da aka auna, Baba. Maganar dalma da ruwan rijiya kuwa wannan takardar ba ta ce komai a kai ba, in hankalinka bai kwanta ba a kai ruwan a gwada shi daban." Wannan maganar ce ta fi kama Yaya, ya ce wanda ya faɗi iyakar saninsa ya fi wanda ya san komai a minti biyar. Aka gwada ruwan daga baya, aka ɗauke ƙayar daga bakin rijiya. Amaryar kuma aka kai ta asibiti, abin da ya kamata a yi tun farko, likita ya ce hawan jini ne, aka ɗora ta a kan magani.

Mutumin da ya ji an kai ƙasa Zariya bai sake bugo waya ba. Daga baya muka ji ƙishin-ƙishin wai dutsen yake so, ya fasa ya sayar da tsakuwa. Allah Shi ne masani, ni ban gani ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na'urarsa ba ƙarya ta yi ba. Duk ƙas ɗin da ta yi akwai abin da ya taɓa ta. Laifinta ɗaya, an ƙera ta ba bango ba tacewa, tana jin kowa da komai lokaci guda, shi kuma ya fassara mana kukan yadda ya ga dama, mu kuma tsoro ya ƙarasa masa aikin. Shekarun nan wayoyinmu sun cika da irin wannan, hoton na'ura da lambobi ja, a ce kaza guba ne, kaza na kashewa. Ni yanzu in an turo mini, tambaya biyu nake yi: me na'urar ke nunawa in babu komai a gabanta, kuma ta iya bambance muryar wani da ta wani? In mai turowa bai da amsa, sai in ci gaba da tuƙa tuwona.

Gonar tana nan, har yau ba a raba ta ba. Gwangwani ɗaya daga cikin ukun Inna ta karɓe, da kakinsa da salatif ɗinsa, ta ajiye a kabad kusa da kwanukan tangaran ɗinta. In baƙuwa ta tambaya sai ta ce ƙasar gonar mijinta ce, wadda ta je jami'a.